Abin da aka tattara kan tsawa

Ga abin da na tsinta a wata doguwar tattaunawa da aka yi kan tsawa da yadda ake kare kai daga aradu.

1. Kowa ya yarda walƙiya na riga ƙarar tsawa ne saboda haske ya fi sauti gudu. Duk daƙiƙa 3 tsakaninsu, nisan kusan kilomita 1 ke nan.
2. Kada a fake a gindin bishiya. Wannan ya fi damuna, don can mutane suka fi rugawa. A shiga gini, ko mota mai rufin ƙarfe, a rufe gilasai.
3. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fito.
4. Kan waya aka rabu. Wasu sun ce tana jawo aradu, mafi yawa suka ce haɗarin yana ga wadda ke jone a caji.
5. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jiki, a kai masa ɗauki nan take.