Gonakin masara na nutsewa, ko rada ce ke ruɗuwa?

Injiniya: Taswirar da aka sa jiya a zauren nan, daga hotunan Sentinel-1, tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoton ƙasa da rada, ta nuna gonakin wajen Soba sun yi ƙasa kusan santimita 3 tsakanin Yuni da Satumba. Ni dai a ganina yawan haƙa rijiyoyin burtsatse ne ya jawo.

Mai safiyo: Injiniya, a damina? Lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke cika? Da zuƙar ruwa ce, a Maris da Afrilu za a ga nutsewar. Ga shi ƙasarmu a kan dutse take, ba laka mai kauri da za ta matse.

Injiniya: To amma masara sama take yi, har ta haura mita 2. In ita ce ta ruɗa na'urar, ai tasowa za a gani.

Malama: Ranka ya daɗe, rada ba tsayin kara take aunawa ba. Tana kwatanta hoton yau da na kwana 12 da suka wuce, ta ga yadda tafiyar igiyar rediyon da take aikowa ƙasa ta ƙaru ko ta ragu. Zangon igiyar Sentinel-1, wato tsawon kaɗawarta ɗaya, santimita 5.6 ne. Da yake zuwa da dawowa take yi, zagaye ɗaya na launi a taswira rabin haka ne, santimita 2.8. Igiya gajera haka ba ta kai wa ƙasa kai tsaye in gona ta rufe. Cikin ganye da kara take warwatsuwa. Ruwan da ke jikin shuka yana jinkirta ta, jinkirin kuwa na'ura na karanta shi a matsayin ƙasa ta yi nisa, wato ta nutse. Damshin ƙasa ma haka yake yi. Kuskuren hoto biyu ɗan kaɗan ne, amma in aka jera na kwana 12 a kai a kai duk damina, sai ya taru ya zama santimitoci.

Malamin gona: Ga kuma huɗa da noman ciyawa. Ranar da aka tayar da kunya, fuskar gonar ta sauya gaba ɗaya, hoton baya ba shi da abin da zai gane.

Malama: Shi ya sa ake fara duba ma'aunin daidaito, wato yadda hotunan biyu suka yi kama da juna, daga 0 zuwa 1. Duk inda ya faɗi ƙasa da 0.3, a jefar. Wanda ya yi taswirar nan bai nuna shi ba, kuma wannan babban giɓi ne.

Injiniya: Kuna nufin ba abin da ke motsi kenan? Ban yarda ba. Lakar fadama tana kumbura da ruwa, ta tsage da rani.

Mai safiyo: Wannan gaskiyarka ce, kuma motsi ne na haƙiƙa. Sai dai a damina sama take yi, akasin abin da taswirar ta ce. Akwai gwajin da zai raba gardama. A ɗauki hotuna uku, A, B, C. A haɗa bambancin A da B da na B da C, a cire na A da C. In ƙasa ce ta motsa, sakamakon sifiri ne. In bai zama sifiri ba, to shuka ce ko damshi. Sannan a kwatanta Janairun bana da Janairun bara, lokacin da an girbe, gona ta bushe. Nutsewar gaske za ta tsaya. Ta masara za ta ɓace.

Malama: A kuma duba rufin kwano da gadoji da duwatsun da ke kusa. In su ba su motsa ba, an gama magana. Mai hali ya kafa madubin rada, wato farantan ƙarfe uku masu haɗa kusurwa da ke mayar wa tauraron igiyarsa, kamar mita 1.5, a kan kankare mai zurfi. In hotunan maraice ake amfani da su, bakinsa ya kalli yamma. In na asuba ne, gabas. In aka dasa shi sama-sama, motsin ginshiƙinsa kawai zai auna.

Injiniya: Rada mai dogon zango fa?

Malama: Taurarin ALOS-2 na Japan da NISAR da aka harba a Yulin 2025 suna da zango kusan santimita 24, suna ratsa ganye sosai. Amma damshin ƙasa ya fi taɓa su, don haka gwajin hotuna ukun bai faɗi ba.

Injiniya: To a yi na Janairu da Janairu tukuna. In santimita 3 ɗin na nan, zan dawo da maganar burtsatse.