Wace kalma za mu ba wa "case" na Latin da Girkanci? Zare

Duk wanda ya buɗe littafin koyon Latinanci ko tsohon Girkanci, tun a darussan farko zai ci karo da kalmar da Turawa ke kira "case". Haruffan Girkanci 24 ne, ba su da wahalar haddacewa. Wannan "case" ɗin shi ne inda masu koyo suka fi zubewa, kuma har yanzu ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba.

Ga abin da ake nufi. A Latin, ƙarshen suna ne ke nuna aikinsa a jimla, ba gurbin da aka ajiye shi ba. Puella nautam videt: yarinya tana ganin matuƙin jirgi. Puellam nauta videt: matuƙin ne ke ganin yarinya. Kalmomi na nan a jere yadda suke, harafin m kawai ya sauya gida, mai gani ya koma wanda ake gani. Latin na da irin wannan sauyi kala 6, Girkanci 5.

Wani ya ce mu fassara kai tsaye. To, casus a Latin faɗuwa ce, su ma Romawa fassara suka yi daga ptosis na Girkawa, mai ma'ana ɗaya. A ganin malaman nahawunsu, siffar aikau, wato mai yin aikin, a tsaye take, sauran kuwa sun karkata daga gare ta. Tarihi mai daɗi, amma ka ce wa ɗalibi suna yana da "faɗuwa shida", sai ya zata jarrabawa ake magana.

Malam mai Larabci ya ce me ya kai mu nesa, ga i'irabi a hannu? Ina tare da shi, kuma sosai. Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Ajurumiyya ya riga ya san Zaidun, Zaidan, Zaidin: raf'u, nasabu, jarru. Wannan shi ne dominus, dominum, domini (ubangida) na Latin, sai dai nan sun fi yawa. Almajirin nahawu ya fi ɗan boko zalla saurin kama wannan babi, don Ingilishi ya zubar da kusan duk nasa, sai ɗan ragowa irin he da him. Asara ce a ce muna da wannan gada amma muna zagayawa ta Turanci.

Sai dai i'irabi ba zai ɗauki kayan duka ba. A Larabci ya shafi fi'ili ma, ga jazmu nan. Kuma idan malam ya ce "yi mini i'irabin wannan jimla", fiɗar jimlar yake nufi gaba ɗaya. Saboda haka i'irabi ya zauna a sunan babin: sauyawar ƙarshen suna. Kowane ɗaya daga cikin shidan kuwa yana buƙatar nasa suna.

"Hali" ya fita, don nahawun Larabci ya riga ya ba shi wani aiki. Ni "matsayi" na zaɓa. Matsayin aikau, matsayin karɓau (wanda aikin ya faɗa kansa), matsayin mallaka, matsayin kira: domine, ya ubangida! Aikau da karɓau dama suna cikin littattafan nahawun Hausa, ba sabon abu muka ƙago ba. Na biyar, wanda ake yi wa abu ko ake ba shi, Bahaushe na nuna shi da "wa" ko "ma": na saya wa yaro riga. A kira shi matsayin wanda aka yi wa. Ya yi tsawo, na sani, amma ba ya buƙatar sharhi.

Rukunonin sunaye kuma, 5 a Latin, 3 a Girkanci, a ce musu gida. Puella 'yar gida na ɗaya ce, dominus ɗan gida na biyu. Ƙarshen matsayin mallaka ke nuna gidan suna, shi ya sa ƙamus ke kawo shi kusa da kalmar: ae, i, is, us, ei.

Saura ablativus, wanda Girkanci ba shi da shi. Shi kaɗai ya haɗa "daga", da "da", da "a cikin". Na rubuta matsayin "daga" a littafina, amma gladio, wato da takobi, ba ya shiga ƙarƙashinsa. Malamai, ku kawo naku.