Sunayen taurari sun dagule a Stellarium, wata kuma ya koma baƙi

Mai_duban_sama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min. Na sa Stellarium, manhajar kallon taurari, a tsohuwar laftop ɗina saboda ɗana, wanda ya ƙwallafa rai sai ya ga Kaza da 'ya'yanta kusa-kusa. Manhajar tana buɗewa, taurari suna fitowa ras, amma rubutun sunayensu duk ya cakuɗe, kamar allon da aka wanke bai fita ba. Wata kuma in na jawo shi kusa sai ya zama baƙin faifai, ba haske ba ramuka. Sau biyu ina gogewa ina sake sawa. Kullum da magariba yaron sai ya tambaye ni ko ta gyaru, abin yana damuna ƙwarai.

Zuhal77:
Wa alaikumus salam Malam. Ka daina gogewa, ba nan gizo ke saƙa ba. Stellarium da OpenGL (wata fasahar zana hoto a kwamfuta) take zana sama, tsohon direban girafik (manhajar da ke sarrafa katin da ke zana hoto a allo) kuwa bai iya ɗaukar aikin, shi ya sa haruffa ke lalacewa. Rubuta %APPDATA%\Stellarium a wajen bincike na Windows, ka buɗe log.txt, za ka ga sunan katin girafik ɗinka. Da wannan sunan za ka sauko da sabon direba daga shafin waɗanda suka ƙera katin.

Ummu_Zara:
In ba ka samu direban ba, duba jerin Start, akwai Stellarium mai MESA a jikin sunanta. Ita firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, take ɗora wa zanen maimakon katin girafik, don haka tana ɗan jan ƙafa, amma rubutu yana fita tsaf. Da ita na yi shekara guda.

Batun watan kuma, ka duba kwanan wata tukuna da maɓallin F5. Idan agogon manhajar ya faɗa ƙarshen watan Musulunci, ai dama duhu ne, ba lalacewa ba ce. Danna 8 ya dawo da kai yanzu.

Mai_duban_sama:
Allah ya saka muku da alheri. MESA ta gyara rubutun nan take. Watan kuwa Hajiya kin canka, ashe yaron ne ya yi ta danna L har lokaci ya gudu. Da na danna 8 sai ga rabin wata da ramukansa. Jiya mun ƙirga 'ya'yan Kaza a allo, muka fita waje ya nuna min su da yatsa. Direban sai Asabar in Allah ya kai mu.