Musayar waƙa kan Helly Luv, 'yar Kurdawa mai jan gashi

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa sha'irai. Yau na kawo muku mawaƙiya Helan Abdulla, wadda duniya ta fi sani da Helly Luv. An haife ta a 1988 a Urmiya ta ƙasar Iran, iyayenta Kurdawa ne da suka tsere wa Saddam. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "wa".

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Zan waƙe ɗiyar Kurdawa.
Cikin hijira uwa ta haife ta,
Saddam na bisa kan kashewa.
Daga Iran sai sansanin Turkiyya,
Tana goye ana ta guduwa.
Finlan ce ta ba su masauki,
Ƙasar ƙanƙara, rana ba ta fitowa.
Da sha takwas ta nufi Los Anjalas,
Muryarta kaɗai ke rakawa.
Da ƙofa ta buɗe ba ta mance ba,
Gida ta koma ana tserewa.

Malam Na-Tsangaya:
Ɗan Fagge, ɗana, ka ban mamaki,
Alƙalaminka ya rasa abin yabawa?
Gashi ja wur kamar garwashi,
Ba ɗankwali, ba mayafin rufawa.
Kurdawan da na sani Salahuddini ne,
Da ya karɓo Ƙudus hannun Turawa.
Ka bar giwa tsaye cikin dawa,
Kana ta kirarin 'yar rawa.

A 1187 ya buɗe Ƙudus, bayan yaƙin Hiɗɗin. Shi ne ya cancanci tawadarka.

Ɗan Fagge:
Baba Malam, na durƙusa na gaishe ka,
Amma gaskiya ba a rufewa.
Ka ga gashi, ba ka ga tanka ba,
Idonka ya zaɓi abin dubawa.
Ita tana tsaye a bakin daga,
Kai kana kan buzu kana hangowa.

Ga wanda bai gani ba: a 2015 ta ɗauki bidiyon waƙarta Revolution kusa da fagen fama, 'yan kilomitoci ne tsakaninta da mayaƙan Da'ish da suka kame birnin Mosul na Iraƙi a Yunin 2014. Dakarun Kurdawa na Peshmerga da ke ciki na gaske ne, ba 'yan wasa ba. Kafin nan ma an sha yi mata barazanar kisa tun da ta fitar da waƙarta Risk It All, ba ta fasa ba.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara basira, Ɗan Fagge! Wallahi baitin buzun nan ya isa a rufe taro.

Mai Awon Baiti:
A dakata da tafi tukuna.

Ɗan Fagge, baitinka na ɗingishi,
Ƙafa guda ta fi 'yar'uwa.

"Zan waƙe ɗiyar Kurdawa" gaɓa 8 ce. "Ƙasar ƙanƙara, rana ba ta fitowa" gaɓa 12. A wane bahari aka taɓa haɗa su? Kuma Los Anjalas ta karya maka kari gaba ɗaya.

'Yar Zazzau:
Mai awo, mudunka yana da son kai,
Na gida kake wa cikawa.
Malam ya zuba sha uku a ɗango,
Ko yatsun sun gaji da ƙirgawa?

Mai Awon Baiti:
Ƙanwata, sunan Salahuddini ba a gutsure shi, larurar waƙa ce. Kuma aruli ba ƙirge kaɗai ba ne, ana duba gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

'Yar Zazzau:
To, Yaya, Los Anjalas ma suna ne. Ko larurar ta malamai ce kawai?

Mai Awon Baiti:
Sunan gari ana kewaye shi. Da ya ce "Amurka" da kari ya zauna daram.

Ɗan Damagaram:
Kun shiga awo kun bar magana. Ni tawa tambayar daban ce. Daga 1983 zuwa 1991 doka ta haramta wallafa da Kurdanci a Turkiyya. A Fabrairun 1999, a wani bikin ba da lambar yabo a Istanbul, mawaƙi Ahmet Kaya ya ce zai yi waƙa da harshen Kurdawa, aka yi ta jifansa da cokula masu yatsu. Ya bar ƙasar, ya rasu a Faris a 2000 yana da shekara 43.

Ƙanena Ɗan Fagge, amsa mini,
Da wane harshe take rerawa?
Waƙoƙin nan biyu duk Turanci,
Ina yaren da aka sha hanawa?
Kaya ya sha jifa don harshen uwa,
A Faris aka yi masa kushewa.

Ɗan Fagge:
Yaya, mai gidan da ya kama wuta,
Maƙwabta yake wa kururuwa.
Kurdawa sun san ciwon jikinsu,
Na nesa take so su zam ganewa.
Ban rage wa Kaya ko ƙwayar gero ba,
Kai ne ka zo da rarrabewa.

Goggon Mubi:
Kwana biyu ina karanta ku ban tanka ba. Ku yi haƙuri, na sauya amsa-amo, "wa" ba ta ɗauke mini abin da ke raina ba.

Kuna ƙirgen gaɓa da yatsu,
Ni na ƙirga matakan tafiya.
Ran da Mubi ta faɗi na bar tukunya,
A kan murhu, cike da miya.
Takalmi ɗaya, goyo a bayana,
Muka hau dutse, ba fitila, ba hanya.
Yarinyar ta yi kuka na toshe bakinta,
Da bakin zane, ina rawar zuciya.
Uwar Helan ta san wannan goyon,
Ta kai nata har Turkiyya.
Goyon ya girma ya juyo baya,
Ya tsaya gaban masu kisa da ƙarya.
Malam, ina da lulluɓi, ina so ta yi,
Amma ba na jifan mai kuka don maraya.

A Oktoban 2014 ne muka fita. Wata biyu kafin nan Da'ish ta afka wa ƙabilar Yazidawa a Sinjar ta Iraƙi, mu kuma muna jin labarin Gwoza. Tawa yarinyar yanzu tana makaranta, ba ta tuna komai. Ni ce nake tunawa.

'Yar Zazzau:
Goggo, Allah ya raya ta. Mai Awo, in ka isa ka auna wannan.

Mai Awon Baiti:
Na ajiye mudu, Hajiya. Allah ya kiyaye gaba. Amma batun ɗango na takwas na Ɗan Fagge yana nan.

Malam Na-Tsangaya:
Na yi jinkiri, ina wajen ta'aziyya. A ranar 16 ga Maris 1988 sojojin Saddam suka zuba iska mai guba a Halabja, garin Kurdawa a Iraƙi, mutum kusan 5,000 suka mutu. Na daɗe da sanin wannan, sai yau na lura shekarar haihuwarta ce.

Hajiya, na karanta na yi shiru,
Hawaye ya hana ni rubutawa.
Shekarar da aka haifi yarinyar nan,
Halabja ta shaƙi iskar mutuwa.
Na yarda ta tsaya inda maza ke gudu,
Batun ɗankwali kuwa ba na janyewa.
Ɗan Fagge, kai ban gama da kai ba,
Maganar buzun nan, ina zuwa.