Aikin dogon hutu ga matasa, ta ina ake farawa?

Maman Yara: Salam jama'a. Dan Allah ina neman shawara, ɗana shekararsa 16, dogon hutu ya kusa kuma yana so ya ɗan samu aiki ya riƙa samun na kansa, ni ma ban son ya wuni a kwance yana danna waya. Ta ina zai fara?

Kawu: Wa'alaikumussalam. Ya fara tun yanzu kafin a rufe makaranta, in aka yi hutu kowa ya fito nema wuri ya cike. Kuma ya fara da waɗanda suka san shi, maƙwabta, dangi, malamansa, abokan babansa, irin wannan aikin yawanci ba a tallarsa, mutum ne zai ce ina neman yaro mai hankali sai wani ya ce ai ga ɗan wane.

Anti Malama: In yana da ƙoƙari a lissafi ya gwada yi wa ƙananan yara lesin, ba jari ba komai.

Mai Shago: Hajiya ni ina ɗaukan yara duk hutu, bari in faɗa miki gaskiya, kar ki raka shi kuma kar ki kira a madadinsa. Yaron da uwarsa ke magana shi yana tsaye yana kallon ƙasa wlh ba na ɗauka, sbd gobe kwastoma zai zo ita ba ta nan. Ya zo lokacin da ba cunkoso, kaya tsaf, waya a aljihu, ya gaisa ya nemi mai wurin, ya ce sunana kaza, shekarata 16, ina da lokaci daga ranar kaza zuwa ranar kaza, safe zuwa yamma. Wannan ranakun su nake son ji, da yawa in ka tambaye su sai su ce "ko yaushe", sati biyu kuma ka ji an yi tafiya. In aka ce ya dawo, ya dawo bayan sati ɗaya, rabinsu ba sa dawowa.

Maman Yara: To CV fa? Bai taɓa aiki ba, me zai rubuta?

Anti Malama: Shafi ɗaya ya isa. Makaranta da aji, abin da ya iya kamar taifin a kwamfuta, ko ya taɓa zama monita ko kyaftin ɗin ƙwallo, sai lambar malami ɗaya da zai tsaya masa, amma a nemi izinin malamin tukuna.

Baban Biyu: A duba doka ma. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya (ILO) mai lamba 138 ta 1973 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙaranci na fara aiki, aiki mara nauyi daga 13, mai haɗari kuwa sai 18. Kowace ƙasa da nata tsarin, a Amurka ɗan 14 ko 15 ba ya wuce awa 8 a rana, 40 a sati lokacin hutu. Ranki ya daɗe ki je ki ga wurin da idonki bayan an ɗauke shi.

Kawu: Sannan duk aikin intanet da aka ce ya biya kuɗin fom ko ya turo lambar sirri ta banki, damfara ce. Kuma a yanke albashi da ranar biya kafin ya fara, yara kunya ke hana su tambaya.

Maman Yara: Ngd sosai, Allah ya saka. Alhaji ko in turo maka shi?

Mai Shago: Ya zo Talata da safe, shi kaɗai.