Mun gano jikokin wan kakanmu a Sudan, ɗaya zai zo Kano: yaya za mu yi?

Ɗan Marina:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, maganar tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Kakana na wajen uba su biyu ne maza a ɗakinsu, a Kura. Wansa, da ake ce wa Malam Babba, ya tafi hajji a ƙasa tun yaƙin Hitila bai ƙare ba, shi da matarsa. Daga nan shiru. Mu dai mun tashi muna jin ana cewa ya ɓata a hanyar gabas, a yi masa addu'a a shafa.

Bara muna gyaran ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, sai aka jawo wata tsohuwar adaka. A ƙarƙashin zannuwa muka tarar da wasiƙar ajami, ambulan ɗinta da hatimin gidan waya na Wad Madani. Malam Babba ne ya rubuto. Ya ce yana aikin auduga a yankin Jazira na Sudan don ya tara kuɗin jirgin ruwa, kuma ya gaida ƙaninsa da wani laƙabi da ko ni ban taɓa ji ba, wai Gwanki. Gwaggo na jin sunan ta fashe da kuka.

Na shiga wani zauren Hausawan Sudan a Facebook na ba da sunansa da na mahaifinsa, da garinmu, da cewa marina ne mu. Wani bawan Allah, kusan sa'ana, ya yi mini magana ya ce kakansa marini ne daga Kura, kuma har ya rasu yana zancen ƙaninsa Gwanki. Yanzu kullum muna WhatsApp. Sun bar Madani a Disambar 2023 da yaƙi ya ci garin, suna Gadarif. Yana so ya zo ya ga Gwaggo tun tana da rai.

Ga inda gizo ke saƙar. Baffanninmu biyu sun ce ba su yarda ba, gona ya biyo. Gonar kakan-kakan namu ce, mu muke nomawa duka, ba a taɓa fitar wa Malam Babba komai ba. Ni in ta da maganar da kaina, ko in yi shiru sai ya tayar? Kuma a ina ya kamata a sauke shi?

Bazazzagi:

Tambaya ɗaya kafin komai: da ka yi cigiyar, ka saka hoton wasiƙar? In ka saka, duk mai karanta ajami ya ga Gwankin nan, hujjarka ta zube. Ba zargin mutumin nake yi ba, amma zamanin nan wanda ya san sunan kakanka zai iya zama ɗan'uwanka kafin la'asar. Ka haɗa Gwaggo da dattijuwar da ta fi kowa tsufa a wajensu, su yi hira ta bidiyo, kai ka koma gefe. Mata ke riƙe da irin wannan: sunan matar da ya tafi da ita, 'yar wace unguwa ce, wane zane ne a fuskarsa. Kuma kada kuɗi ya fara shiga tsakani tukuna.

Ɗan Mai Wurno:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni daga can ɓangaren nake, an haife ni a kusa da Sinnar, don haka bari in gaya maka yadda abin yake a zuciyar mai zuwan.

Labarin kakanku labarin gidaje da yawa ne a wajenmu. Mutum ya bi ta Maiduguri, ya ratsa Fort Lami da yanzu ake ce wa Njamena, ya wuce Abeshe da Adre ya shiga Junaina, ya kai Ubayyid inda layin dogo ya tsaya. Kafin nan guzuri ya ƙare. Tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 gonakin Jazira ke neman hannu, sai a tsaya tsinkar auduga, a ce baɗi za a ƙarasa Sawakin a haye Jidda. Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, an haifi yara, an aurar da su. Wasu sun sauke faralin sun dawo sun zauna nan, wasu ko tekun ba su gani ba. Mu namu kakannin sun riga su, suna cikin waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abin da baffanninka ba su sani ba shi ne mu a nan, ko an haifi kakanka a ƙasar, wani zai iya kallonka ya ce Takari ko Fallata, ya tambaye ka yaushe za ka koma. Sai ka tattara ka zo ƙasar Hausa, nan ma a ce ga Balaraben Sudan ya zo cin gado. Wannan ta biyun ta fi ciwo, na ɗanɗana.

Hausarsa za ku ji ta wani iri, da Larabci a ciki, da tsofaffin kalmomin da ku kun daina faɗa. Ku hana yara yi masa dariya. Kada ku kai shi otal, kada ku ba shi ɗakin baƙi a gidan wani aboki. A sauke shi a babban gida, ko da a zaure ne. A kai shi maƙabarta ya ga inda Gwanki yake kwance, a kai shi karofi ko da an daina rini a wurin. In ya dawo Gadarif abin da tsofaffi za su tambaye shi ke nan.

Malam Na Tsangaya:

Maganar gona ba ta jin daɗi ko rashinsa ba ce. A Malikiyya, wanda ya ɓata, wato mafƙudi, ba a ɗaukarsa matacce sai alƙali ya yanke, bayan ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, saba'in, wasu malamai suka ce tamanin. Naku kuwa yanzu ba ma mafƙudi ba ne, an san inda ya zauna da lokacin da ya rasu. Abin dubawa ɗaya ne: ranar da mahaifinsu ya rasu, Malam Babba yana raye? In yana raye, magaji ne, rabonsa yana cikin ƙasar da kuke nomawa, kuma ya gangaro kan 'ya'yansa maza da mata. Baffanninka za su kawo hauzi, wato hujjar daɗewa ana riƙe da abu, su ce an yi shekara da shekaru ba wanda ya yi magana. To hauzi yana hawa ne kan wanda yake nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da uzuri ba.

Ku ku fara faɗa. Mutumin da yaƙi ya raba da gidansa zai ji nauyin buɗe baki. In sun yafe, su yafe da saninsu, kowane magaji da bakinsa, ba shi kaɗai ba, a rubuta a gaban shaidu. Amma a fara tabbatar da nasaba, sannan a je wa alƙali ko malamin da ya san rabon gado a garinku.

Maman Husna:

Ku kuna ta gona, tsohuwa tana can tana ƙirga kwana. Ku turo mata ɗanta ta gan shi. Kuma a gaya wa 'ya'yan Gwaggo su shirya, shi taubashinsu ne, akwai bashin wasa na shekaru.

Ɗan Marina:

Na gode ƙwarai. Bazazzagi, ban saka hoton ba, sunan Gwanki daga bakinsa ya fito. Jiya an haɗa Gwaggo da wata gwaggonsa, ita ce autar Malam Babba. Sun yi ta lissafo mutanen da duk sun mutu, har cajin wayata ya ƙare. Ta faɗi sunan matar daidai, ta ce 'yar Bunkure ce.

Malam, na lissafa, mahaifinsu ya rasu kafin a ba da mulkin kai, shi kuwa Malam Babba sun ce ya kai zamanin Numairi, shugaban Sudan da ya hau mulki a 1969. Ranar Juma'a bayan an sauko zan sami babban baffanmu da maganar, kuma zan tafi da limamin unguwa, don ni kaɗai ba zai saurare ni ba. In akwai wanda ya san hanyar da mutanen Gadarif ke bi su fito yanzu, ya taimaka ya yi mini magana ta akwatin saƙo.