Masallaci ta gina ko jami'a?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Yau malaminmu ya ce mace ce ta kafa jami'a ta farko a duniya, Fatima al-Fihri, a birnin Fas na Maroko a shekarar 859. Har a kundin Guinness an rubuta. Ina masu cewa karatun mace a kicin yake ƙarewa?

Baffa: Wa alaikumus salam. Auta, bi a hankali. Masallaci baiwar Allah ta gina, Alƙarawiyyin, da gadon mahaifinta. Sai a 1963 gwamnatin Maroko ta mayar da wurin jami'a irin wadda kika sani.

Goggo: Haba Yaya! A wancan zamanin ina ake karatu in ba a masallaci ba? Kai da kanka ba a zaure ka sauke Iziyya da Risala ba? Ko don ba a ba ka kwali ba sai mu ce ba ka yi karatu ba?

Baffa: Na yi karatu, amma ban taɓa kiran zauren jami'a ba. Kuma ba nan ne ma gizo yake saƙa ba. Labarinta kaf, har da azumin da aka ce ta riƙa yi sai da aka gama ginin, daga Raudul Ƙirɗas na Ibn Abi Zar'i ya fito, littafin ƙarni na 14. Shekara fiye da 450 ke nan tsakani. Sannan an gano wani katako a masallacin ɗauke da sunan wani mai mulki, Dawud ɗan Idris, da shekarar 877.

Goggo: To sai me? Wata ta kafa, mai mulki ya zo ya yi ƙari ya manna sunansa. Yau aka fara? Labarin Bayajidda wa ya rubuta ranar da aka sare macijiyar Kusugu? Ban taɓa jin ka nemi katako ba.

Baffa: Shi ma ban rantse a kansa ba, Hajiya.

Yaya Babba: Baffa, Goggo, a gafarce ni in sa baki. Ni da za a bi tawa, Nana Asma'u za mu riƙa kafa hujja da ita. Rubuce-rubucenta na Larabci da Fulatanci da Hausa suna nan, an san ta rasu a 1864, an san ita ta naɗa jajoji, wato malamai mata, da malfa suka shiga ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'Yan Taru. Wannan ba mai ja.

Goggo: Asma'u tamu ce, ba mai ƙwace ta. Amma ba zan saki Fatima don Yaya ya ji daɗi ba.

Auta: Ni dai jarrabawa gare ni ranar Litinin. Me zan rubuta?

Baffa: Rubuta abin da malaminki ya faɗa ki karɓi makinki. In kin dawo hutu ki same ni a zaure.

Goggo: A jami'arsa yake nufi.